Magen da Aka Yi wa Ta'aziyya Tana Raye

Wata rana da hantsi, wata Hajiya ta shigo asibitin dabbobi a Zariya, riƙe da kwalin taliya can nesa da jikinta, kamar ta ɗauko kashi.

Ta dire shi a teburin Dakta Asabe, ta goge hannu da tishu.

A ciki wata tsohuwar mage ce, fara, ta ƙudundune tana rawar jiki. Lanti sunanta.

Hajiya ta ce allurar mutuwa take so a yi mata. Wai maguna shida gare ta, biyar 'yan ƙasar waje ne masu gashi buzu-buzu, waɗanda take ɗauka a hoto tana sawa a shafinta na intanet. Wannan kuwa wata uku ke nan da ta kurumce. A kira ta, ko ta waiga. Ga kuka da ƙarfi kamar ana yanka ta, duk bidiyon da aka ɗauka sai ta ɓata shi.

Dakta Asabe ta duba magen tun daga haƙori har wutsiya. Zuciya lafiya, ido garau. Sai dai bayan kunnenta duk tabon farce ne. Sauran magunan ke lallaɓowa ta baya su kai mata duka, ita kuwa ba ta jin tahowarsu.

Likita ta danne fushinta, ta yi bayani a hankali. Kukan nan na tsoro ne, ba ta jin muryar kanta shi ya sa take ɗagawa. A ware mata ɗaki da mage ɗaya mai sanyin hali. In za a zo wurinta a zo ta gaba, ko a buga ƙasa da ƙafa don ta ji motsi a jikinta.

Hajiya ta yatsine fuska.

"Haba Likita! Ni da girmana zan zauna koyon maganar kurame saboda mage?"

"Shekara nawa take gidanki, Hajiya?"

"Goma sha huɗu."

"To shekara goma sha huɗu tana amsa kiranki. Ke wata uku kacal kin kasa amsa nata."

Hajiya ta ja tsaki, ta gyara mayafi, ta fice. Ko kwalin ba ta kalla ba.

Dakta Asabe ba ta yi allurar ba. Da aka tashi aiki ta sa Lanti a mota ta kai ta gida.

A gidan akwai wani muzuru baƙi, Gambo, malalacin da ko ɓera ya bi ta kansa ba zai motsa ba. Kwana huɗu Lanti na ƙarƙashin kujera tana yi masa huci. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya zo ya kwanta daidai inda za ta gan shi, ya yi barcinsa.

A rana ta biyar ta fito ta jingina bayanta da nasa.

Daga nan Gambo ya zama kunnenta. In ya ɗaga kai, ta ɗaga. In ya ji ƙarar kwano ya nufi kicin, tana biye da shi. Kukan ma ya ragu, sai jefi-jefi.

Bayan mako biyu wata ma'aikaciyar asibitin ta turo wa likita wani hoto a waya.

Shafin Hajiya ne. Ta sa hoton Lanti tun tana ƙarama, ta jera fuskokin kuka guda takwas, ta rubuta: "Na rasa 'yata Lanti. A hannuna ta cika. Ku sa ni a addu'a."

Mutum ɗari huɗu da wani abu sun yi mata ta'aziyya. Har da mai cewa irin zuciyar Hajiya ta ƙare a duniya.

Dakta Asabe ta karanta har ƙarshe. Ta dubi marigayiyar, ga ta can tana wawure kifin da ke kwanon Gambo.

Ta ɗauki hotonta, ta tura ƙarƙashin rubutun Hajiya da kalma uku: "Tana gaishe ki."

Minti biyu ba a yi ba, rubutun ya ɓace.

Darasi: Akwai masu son ka muddin kana yi musu kyau a hoto. Ranar da ka zama aiki, a kwali za su sa ka, kuma su riga kowa kuka. Ka lura da wanda ke zama kusa da kai lokacin da ba ka da abin nunawa.

Tura wa wani ya karanta. In ya ji haushi, ka san dalili.