Kududdufin Gambo

Gambo Bagunge ne, ɗan ƙabilar masunta mazauna bakin tafki, masunci ɗan masunci, amma shekara goma sha huɗu ya yi a wani ramin zinariya na ƙasar Ngaski, aikinsa kawai ya tayar da inji ya janye ruwa daga ramin. Abokan wasa kan ce masa kifi ya zama mai gadin tudu.

Da kamfanin da ke haƙar zinariyar ya kwashe ya-nasa-ya-nasa, inji ya mutu, damina ɗaya ta cika ramin fal. Gambo ya riƙa ɗauko 'ya'yan tarwaɗa a tulu daga bakin tafki yana zubawa, yana watsa musu dusa. Ƙarfin tuƙa kwalekwale ya riga ya bar shi, wannan ruwa ne abincin tsufansa.

Sai ga wani jami'in gwamnati daga Sakkwato, an turo shi ya ji abin da jama'a ke so a yi da ramin. Aka taru a gaban gidan mai gari. Illo manomi ya ce a cike shi, gonar kakansa ce aka haƙe. Hammadu makiyayi ya ce maraƙinsa biyu sun zurma ciki, ko a gyara mashaya ko a rufe. Samari suka ce a bar musu su ci gaba da tonon arziki.

Gambo ya girmi kowa a wurin, kuma a al'adarsu babba shi ke rufe magana. Don haka ya zauna yana jira, jawabinsa tsaf a ciki: a gyara gangare a gefe guda don shanu, a yi kamun kifi duk shekara, Illo ya ɗauki kasonsa na kifi. Kowa a garin ya san dalilin shirunsa. Baƙon ne kaɗai bai sani ba, kuma abin takaici, ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Ya duba agogo, ya ce tunda mafi yawa sun ce a cike, shi ke nan. Ya rufe takarda ya shiga mota.

Bayan wata biyu katafila ta iso. Gambo na tsaye yana kallon ƙasa na danne ruwan, tarwaɗa na wutsil-wutsil a laka, sai Hammadu ya matso.

"Baba, in da ka tanka ran nan, wallahi da mun bi bayanka. Mi ya hana ka?"

Gambo bai juyo ba. "Ai ba a kawo gare ni ba."