Cindo da Ƙasar da Ta Cinye Iskar Kududdufi

Cindo mai jaki mutumin wani ƙauye ne kusa da Sule Tankarkar, sana'arsa kai taki gonakin mutane. Yatsa shida gare shi a hannun hagu, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace tun yana goye. A shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa mutane ba su da ƙarfin noma, taki ya yi kwantai. Cindo bai daina kwasowa daga rugar Sajo Bafillace ba. Sai ya riƙa juyewa a kududdufin bayan gidansa, wai kafin a nema.

Damina ta wuce, ruwa ya janye, ya bar baƙin taɓo yana ɓulɓula kamar tukunyar talge. Wata rana da hantsi Cindo ya tsuguna a bakin taɓon ya kakkaɓe lofensa na shan taba. Sai wata shuɗiyar wuta ta yi fuu, ta lashe rabin gemunsa, ta mutu.

Kafin azahar gari ya ɗauka cewa aljannu sun kafa murhu. Mai unguwa Ubale ya zo ya tsaya daga nesa, ya ce, "Cindo, kai ka ciyar da su, kai za ka rufe musu baki. Binne shi."

Kwana tara yana jidar rairayin gonarsa yana zubawa. Bayan wata guda ya fara gwaji. Yakan kifa ƙwarya mai huda a kan ƙasar, ya toshe da tsumma, in an jima ya zare ya kanga garwashi. Ko'ina wuta ta kama, ban da kusurwa ɗaya. Ya zauna yana shafa sauran gemunsa har ya tuna: nan ne jakinsa ya taɓa kayar da mangalar sharar kasuwar Maigatari.

Ya shiga gida ya sami matarsa tana tankaɗe. Ya ce, "Safara'u, akwai masu rai a cikin ƙasa, ba su kai ƙwan kwarkwata ba, iskar nan da ke fitowa daga taɓon tana kama wuta ita ce tuwonsu. Na gonata dangi ɗaya ne, in zafi ya dame su gaba ɗaya suke kwanciya. Na kasuwa kuwa iri-iri ne. In wannan ya gaji, wancan ya karɓa."

Ta ce, "Malam, ka gan su?"

"Ban gan su ba. Amma na ga abincinsu yana ƙarewa."

Daga ranar ya shiga gayyatar ƙasa. Ya ɗebo ta gindin gawo a Gagarawa, da ta jikin suri a hanyar Gumel, da ta ƙarƙashin tsohon rumbu, da ta bakin rijiya. Ran kasuwa yakan tare fataken Damagaram ya roƙe su, don girman Allah, su bari ya karkaɗe musu takalma a cikin taskira. Wani bafatake ya zaci asiri zai yi masa, ya bi shi da sanda har mahauta. In ya dawo yakan zuba kowace ƙasa a hankali, ya yi mata sannu da zuwa, ya gaya mata sunan maƙwabciyarta don kada a yi faɗa.

Da rani ya zagayo, ƙwarya ta daina kama wuta kusan ko'ina. Cindo ya tafi kiran mai unguwa ya zo ya gani. Suka iso suka tarar da Safara'u da fartanya tana kankare ƙasar da ya sha wahalar tarawa.

Ashe tun watanni ta kifa tsohon tulu mai fasasshen gindi a kan kududdufin, bayan wata sabara, ta jera duwatsu uku, a nan take dafa kalwar daddawarta ba tare da ta tsinci ko kara ɗaya ba. Yanzu wutar ta koma kamar ta fitilar da mai ya ƙare.

Ta ce wa Ubale, "Ranka ya daɗe, baƙinsa sun cinye mini itace."

Ubale bai taɓa shari'a da wanda ba a gani ba. Can ya ja layi da sandarsa a tsakiyar kududdufin, ya ce gabas ta Cindo da baƙinsa, yamma ta Safara'u da wutarta.

Kullum da safe Cindo yakan tsuguna a kan layin ya roƙi jama'arsa kada su ƙetara. Safara'u kuma ta share iyakar da tsintsiya. Duk da haka suka ƙetara, ko ruwan sama ne ya kai su, ko ƙafafun kaji. A rani na uku tulun ya yi tsit.

Cindo bai musa ba, ya ce laifin mutanensa ne. Daga nan har tsufa ya kama shi, duk ranar dafa kalwa shi ke fita daji da jaki ya yo mata itace, ya kuma zauna yana iza wuta har kalwar ta yi laushi.