Ranar da na yi wa Kawu tafinta

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Kawu a fadamar Kaoje, ya zo Bagudo ya sauka a gidana. Zaman ɗaki ba ya masa daɗi, don haka bayan la'asar na ja shi zuwa rumfar wani mai cajin waya a bakin hanyar iyakar Benin, inda direbobi ke jiran lodi suna kallon talabijin.

A can muka tarar da ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda aikinsa rubuta wa wani ɗan siyasa yabo a waya. Shi ne ya kunna wasan da ake kallo, na Turawa ne, kan ma'aikatan fadar wani shugaban ƙasa. Kawu ba ya jin Turanci, sai na zama tafintansa.

A cikin wasan, madatsar ruwa ta fashe ta share wani gari. Ashe wata ma'aikaciya ta rubuto gargaɗi tun da wuri, takardar ta kwanta a teburin babban hadimin shugaban. Yanzu 'yan jarida sun ji ƙishin-ƙishin. Hadiman suka kulle ƙofa, aka kawo musu abinci.

"Mi suka cewa?" in ji Kawu.

"Suna neman wanda za su ɗora wa laifin."

"To, mutanen garin hwa?"

"Ba su kai kansu ba tukuna, Kawu."

Har wasan ya ƙare ba su kai ba. Suna taunar nama suka yanke cewa matar ce za ta tafi. Ɗaya ya ce a raɗa wa jarida cewa tana da taɓin hankali. Wani ya ce kada shugaban ya ce "gawa" a jawabinsa, ya ce "waɗanda abin ya shafa". Ina fassarawa ina jin kamar ni na ƙulla abin. Da aka nuno matar tana kwashe kayanta a kwali, ɗan'uwan nawa ya buga cinya.

"Kun ga aiki! Yaya, wannan babban hadimin ƙwaro ne. Shugaban ya fita fes."

Direbobi biyu suka yi dariya. Kawu ya lalubo takalmansa da ƙafa ya miƙe.

Ba mu yi nisa ba ɗan'uwan ya biyo mu, yana ta murmushi.

"Kawu, ran Juma'a Ogan da nake yi wa aiki zai je jaje wajenku. Muna son dattijo mai farin gemu ya karɓi buhun tallafi a gaban kyamara. Ka sa tsohuwar riga, kada ka sa wannan."

Kawu ya juyo gare shi.

"Uwarka ta san wanga aiki kaka yi?"

"Haba Kawu, taimako ne fa."

Kawu ya ci gaba da tafiyarsa. Ni kuwa ban ce komai ba, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai. Da muka isa gida aka kawo tuwo, loma biyu na yi na ture kwanon.

Ran Juma'ar sun samu wani dattijon. Na ga hoton a waya. An tsayar da shi cikin ruwa har gwiwa, buhu a kansa, Oga kuma yana kan tudu ya miƙo hannu, ko takalminsa bai jiƙe ba.