Karkiyar Shanu a Cikin Kwamfuta

Jamhuriya ta biyu ta daɗe da faɗuwa, tsadar da ta bari kuwa tana nan daram, lokacin da yayana ya sayar da fadamarmu ta albasa ya sayo tsohuwar kwamfuta. Ya kama shago a Bodinga, yana buga wa mutane katin ɗaurin aure da na suna. Ni ina koyarwa a garin Shagari, albashi yana zuwa idan ya ga dama, don haka gidanmu duka daga shagon nan yake ci.

Injin yana da nawa. Kafin ya buɗe shafi, mai shayi ya sallami mutum uku. Muka kai shi wurin mai gyara a Sakkwato. Ya buɗe cikinsa, ya nuna mana ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da ma'ajiyar da ke riƙe mata aiki, da hanyar da ke tsakaninsu.

"Alhaji, ga ɗan maɓallin da ka ƙara ma hanyag ga sauri," in ji shi. "Amma ma'ajiyarka tsohuwa ta. In hanya ta hi ta gudu, sai ta dinga zubda kaya. Kak ka taɓa."

Muka kamo hanyar gida a mota, har muka wuce Sifawa. Sannan Yaya ya ce, "Malam, ka taɓa horon shanun huɗa? Raggon sa, da mai zahi a ka haɗa shi karkiya guda. Kwana kaɗan ya koyi tahiya."

"Yaya, sa yana jin bulala. Wannan fa?"

"Boko dai ya lalata ka."

Ƙane ba ya ja da wa a cikin mota. Washegari Yaya ya matsar da maɓallin da tsinken sakace.

Ranar farko injin ya yi gudu, har tela maƙwabcinmu ya leƙo kallo. Daga nan harafi ya fara ɓacewa daga sunan ango. Wata rana allon ya daskare ana tsakiyar aiki. Yaya ya shafa bayan akwatin kamar mai lallashin dabba, ya ce, "Koyo ta ka yi."

Ranar kasuwa na tarar da shi zaune gaban baƙin allo, injin yana wani ɗan kuka siriri. A bakin titi ana loda wa wata mota albasa. Na san buhunan wanda ya sayi fadamarmu ne, shi ma ya sani. Bai waiwaya ba. Ya kashe, ya kunna, muka zauna muna jira.