Rigar da Muka Kai Babura Muka Dawo da Ita

Ana idar da sallar asuba muka bar Roni, ni da kawuna, rigar na kan cinyarsa naɗe cikin zane. Babbar riga ce aska takwas, aikin hannu, tun kafin damina yake kanta, ga ido ya fara gaza masa. Wani Alhaji a Babura ya sa shi, zai saka ranar ɗaurin auren ɗansa. Kawu ya ce daga ita ya ajiye allura, burinsa kawai a gan ta a taro.

A tashar Kazaure muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana sai ka sa tabarau za ka gan shi, kuɗin ne kawai ya yi ƙiba. Wajen Achilafiya gero ya yi kai gwanin sha'awa, mota na ta jijjiga mu, kawu ya rungume rigar kamar jariri.

Mun tarar da Alhaji a ƙofar gida cikin wata matsattsiyar shadda, ɗinkin wani tela daga Damagaram mai kwaikwayon salon Faransa, maɓalli na neman ceto a kan tumbinsa. Manyan da ke zaune duk irinta ce a jikinsu. Ko warware rigar bai bari an gama ba.

"Baba, ai an wuce wurin. Yanzu ɗinkin Faransa ake yayi. Karɓi ladan wahalarka, ka koma da ita."

"Ranka ya daɗe, don a saka na yi ta," in ji kawu.

Wallahi raina ya ɓaci! Tarihi nake koyarwa, na san cutar nan tsohuwa ce. Manyan Ingila ma a da, ƙasarsu na yaƙi da Faransa, amma ta ɓarauniyar hanya ake shigo wa matansu da leshi da silikin birnin Paris, masaƙan gida na kallo. Na buɗe baki zan amayar masa, kawu ya taka min ƙafa.

Ya naɗe rigarsa muka juyo, da la'asar muka iso Roni. Abin da na koyo: wasu masu kuɗin ba kyau suke saye ba, nisan inda kaya ya fito suke saye.

Ranar Juma'a sai ga kawu ya fito cikin rigar, ta yi masa yawa har tana jan ƙasa. A bakin masallaci mutane suka yi ta shafa aikin suna sa albarka. Tun yana yaro yake yi wa wasu, sai ranar ya saka tasa.