Tsamiyar Lamorde

Jiya jikata mai karatu a jami'a ta tambaye ni me ke filin makarantarsu a da. Sai kawuna ya faɗo mini a rai. Shi ba ya kwatance da titi, sai da itace.

Da aka buɗe gadar kogi, ya ja ni Lamorde, can ƙetare, in ga tsamiyar da ayarinsu na fatake ke sauka ƙarƙashinta a da. Muka tarar da kututture, ƙamshin ɗanyen itace na tashi, leburori na kwaɓa simintin ginin jami'ar.

Kawu ya ce, "Wa ya sare ta?"

"Umarni ne, Baba," in ji wani lebura.

Ya doka sandarsa a ƙasa. "Ko alama ba ku bari ba?"

Har ya rasu bai ƙara ƙetare kogi ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, ni kuma ya ƙaro mini haƙuri, don abin na ci mini rai har yau.