Injiniya Yunis Enoch da Rijiyoyin Gidan Ɗanasabe

Haihuwa da Karatu

An haifi Yunis Enoch a shekarar 1946 a ƙauyen Gidan Ɗanasabe da ke kusa da Kafur. Mahaifinsa, Malam Enoch, mai bishara ne kuma manomin auduga, sunan mahaifiyarsa Salome. A makarantar mishan ya haɗu da Mark Sulemanu, ɗan Malumfashi, kuma tun daga nan har jami'a, inda suka kammala ilimin duwatsu a 1972, kullum Mark ne na ɗaya, Yunis na biyu. Wannan abu ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Aure da Aiki

A 1974 ya auri Rahab, malamar asibiti 'yar Tsiga, kuma a shekarar aka ɗauke shi aikin ruwan karkara a Funtua tare da Mark. Ƙarƙashin ƙasar yankin dutse ne, ruwa ba ya kwanciya sai cikin tsagogi. A 1978 Yunis ya fara tsara lissafin da ke kwaikwayon yadda ruwa ke bin tsagogin, yana huda shi a katuna, yana kai wa kwamfuta a Zariya, a jira amsa kwana uku. Amma da aka tashi tura mutum ɗaya Turai ya ƙware a fannin, sai aka zaɓi Mark, ya dawo a 1981 da digirin Dakta, ya zama shugaban Yunis. Yunis ya yi masa barka da baki, ya koma gida ko tuwo bai iya ci ba.

Shekarar 1983

A wannan shekara aka shirya haƙa babbar rijiyar burtsatse kusa da Gidan Ɗanasabe domin noman rani. Mark ya gudanar da lissafin, ya nuna cewa burtsatsen za ta sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, amma rijiyoyi bakwai na ƙauyen suna da zurfin da ba za su ƙafe ba. Zurfin kuwa daga bakin Shitu ya samo shi, tsohon da ya haƙa su, wanda ya faɗa masa da gaba, watau buɗin hannuwa biyu, kamar yadda mahaƙa suka saba. Mark ya mayar da kowane gaba ƙafa shida.

Yunis na ganin takardar ya gane kuskuren, domin ya san Shitu tun yana yaro: gajere ne ainun, buɗin hannuwansa bai wuce ƙafa biyar ba. Rijiyoyin ba su kai zurfin da aka rubuta ba. Da Mark ya tambaye shi ko ya ga gyara, sai ya ce, "Ai Dakta, aikinka ba ya buƙatar gyara." Hassada ce tsagwaronta, so yake Mark ya ji kunya ko da sau ɗaya.

Aka haƙa burtsatsen, kuma kafin ƙarshen ranin 1985 rijiyoyin bakwai sun ƙafe ƙaf. Hukuma ta ɗora laifin a kan fari, aka ƙara wa Mark girma. Gidaje goma sha ɗaya suka yi ƙaura, Salome kuwa da tsufanta ta koma ɗauko ruwa daga rafi mai nisan mil biyu.

Ƙarshen Rayuwa

Yunis ya shafe sauran shekarunsa yana neman wata tsaga da za ta shayar da ƙauyen, bai dace ba. Rahab kaɗai ya faɗa wa abin da ya aikata. Ya rasu a Funtua ranar 9 ga Mayu, 1989, bayan gajeruwar jinya, aka binne shi a bayan majami'ar ƙauyensu. A wurin jana'izar Dakta Mark ya tashi yana hawaye, ya shaida wa jama'a cewa cikin abokan aikinsa duka, Yunis ne kaɗai bai taɓa yi masa hassada ba. Rahab ta sunkuyar da kai.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Enoch, Adama, Nana da Kulu. Babu ɗayansu da ya zauna a Gidan Ɗanasabe, saboda babu ruwa.